Dashen ƙwayoyin alade ga mai ciwon sukari: ashe ba a nan gizo ke saƙa ba

Baban Rakiya: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, shawara nake nema. Ɗiyata Rakiya shekararta 11, shekara 3 ke nan tana kan allurar insulin safe da yamma. Cinyoyinta duk sun yi tabo, wani lokaci sai uwarta ta riƙe ta sannan in soka. Shekaranjiya ƙanen matata ya turo mini wata murya ta WhatsApp, wani mutum yana cewa a ƙasar waje yanzu ana ɗebo wasu ƙwayoyi daga saifar alade a zuba wa mai ciwon sukari, shi ke nan ya yi bankwana da allura. Na kira lambar, ya ce da kuɗin jirgi da masauki da aikin duka miliyan 9 na sefa, a fara ba da miliyan 2. Ina da fili ɗaya a bayan gari, shi kaɗai na mallaka. Tambayata biyu: abin nan gaskiya ne? In gaskiya ne, ya halatta?

Abdu Mai Shayi: Alade kuma? A'uzubillahi. Ni ko a mafarki na ga alade sai na sake wanka.

Majo Isufu: Wa alaikumus salam Baban Rakiya. Kafin komi, kar ka ba kowa ko dala. Kuma kar a rage wa yarinyar nan allura ko ta rana ɗaya saboda wannan magana. Na ga yaron da aka tsayar wa insulin kwana 3 don wani ya ba iyayen rubutu da sassaƙe, aka kawo mana shi yana numfashi sama-sama, bakinsa na wari kamar ruɓaɓɓen mangwaro. Allah ya yi da sauran kwanansa. Sai gyara ɗaya: ba saifa ba ce. Pankireyas ake kiransa, wani dogon nama ne mai laushi da ke kwance bayan tumbi. Sauran bayanin na bar wa Dakta.

Lawali: Amma Majo kar mu ce ƙarya ce gaba ɗaya. Ni ɗalibin likitanci ne, aji 5, kuma na karanta abin nan. Bincike ne na gaske, an daɗe ana yi. A cikin pankireyas akwai ƴan dunƙule-dunƙule na ƙwayoyi da ake kira tsibiran Langerhans, sunan Bajamushen da ya fara ganinsu a 1869. Mutum na da kamar miliyan ɗaya, su ke yin insulin. A irin ciwon Rakiya garkuwar jikinta ce da kanta ta kashe masu yin insulin ɗin. To in an samo wasu aka zuba mata, ai an gyara. A 2000 a Edmonton ta Kanada Dakta James Shapiro ya zuba wa mutum 7 tsibiran da aka ɗebo daga mamata, dukkansu suka bar allura a lokacin. Matsalar ita ce mamatan da ake samu ba su isa ba, mutum ɗaya ma yakan buƙaci na mamata biyu. Shi ya sa aka juya ga alade.

Dakta Mariyama: Sannunku, yanzu na fito daga aiki. Duk abin da Lawali ya faɗa haka yake, sai dai ya tsaya daidai inda labarin ya fara ɗaci. Baban Rakiya, amsarka a gajarce: babu asibitin da a yau yake dashen tsibiran alade a matsayin magani tabbatacce da za ka biya a yi wa ɗiyarka. Gwaji ne, kuma inda ake bin ƙa'ida manya ake ɗauka, waɗanda sukarinsu ke faɗuwa ba tare da sun ji alama ba har su suma. Mai ce maka ka kawo yarinya ƴar shekara 11 da miliyan 9, filinka yake nema.

Abin da ya hana aikin nan cin nasara shekara 30 da ɗoriya ba rashin alade ba ne, kuma ba rashin gwanintar masu fiɗa ba ne. Ai ba fiɗa ce babba ba ma, ƙwayoyin da ake zubawa ba su fi cikin ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba, ta siririn bututu ake tura su cikin babbar jijiyar da ke kai jini hanta. Jikin ɗan Adam ne ke ƙin su, kuma tun minti na farko yake fara faɗan.

Tsibiri a mazauninsa ba ya taɓa haɗuwa da jini kai tsaye, jini a cikin ƴan jijiyoyinsa yake bi. Da aka tsige shi aka jefa tsirara cikin jini, sai jinin ya ɗauke shi kamar rauni ne da ya kamata a toshe. Nan take ya fara daskarewa a kansa, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini su lulluɓe shi, wasu sinadaran jini masu huda baƙon abu su farka, fararen ƙwayoyin jini su afka ciki. Masu bincike na Uppsala a Suwidin ne suka bayyana wannan wajen 1999, ana kiransa IBMIR. Cikin awoyi kaɗan babban kaso na abin da aka zuba ya mutu. Ko tsibiran mutum ne hakan na faruwa, na alade kuwa ya fi muni, don sinadaran da ke jikin ƙwayar alade masu cewa jini "tsaya, kar ka daskare" ba su jin yaren jininmu sosai.

Abdu Mai Shayi: Ashe jinin ma ya san haram.

Dakta Mariyama: Abdu, da na rago ne ma haka zai yi masa.

Hajiya Zainabu: To ai tambayar da ke bakina ke nan, Dakta. Duk dabbobin da Allah ya halatta mana, ga raguna ga awaki ga shanu cike da Turaku, me ya sa Turawan nan sai alade? Ni ina ga da gangan ne.

Dakta Mariyama: Hajiya, da rago aka fara. A 1893 a Biristol ta Ingila wani likita mai suna Watson-Williams ya dasa wa wani yaro ɗan shekara 15 gutsattsarin pankireyas na rago a ƙarƙashin fata. Kwana 3 yaron ya rasu. Lokacin ba a ma gano insulin ba, sai 1921 a Toronto.

Dalilin alade kuwa lissafi ne. Insulin sarƙa ce mai ƙulli 51. Ta alade ta bambanta da tamu a ƙulli ɗaya tak, ta saniya a ƙulli 3. Sannan alade cikin wata 3 da sati 3 da kwana 3 take haihuwa, ta zubo 10 ko fiye, tunkiya kuwa wata 5 ta ba ki ɗaya ko biyu. Ga mai son canza halittar dabba ya ga sakamako da wuri, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Alhaji Ɗan Ader: Ku bari tsoho ya sa baki daga Tawa. Ni tun 1983 nike ma kaina allura, ina ma'aikaci lokacin. Kwalbar da anka fara ba ni, da Faransanci an rubuta ta alade ce, ƙarara. Na kai ma malamin unguwarmu, Allah ya jiƙan shi, ya ce in akwai wata ka canza, in babu ka ceci ranka. Babu wata. Da ita na rayu shekaru kahin ta zamani ta iso muna. Abin da nike son tambaya, ɗiyata Dakta: wurin da nike soka allurar wancan lokaci ya lotsa, har yau in na taɓa cinyata akwai rami kamar an ɗebe nama da cokali. Shi ma faɗan jikin ne?

Dakta Mariyama: Shi ne, Baba. Insulin ta wancan zamani ba ta tacu kamar ta yau ba, akwai ragowar wasu sinadaran dabbar a ciki, garkuwar jiki ta yi ta faɗa da su a wurin allurar har kitsen wurin ya narke. Da aka inganta tacewa, kuma daga 1982 aka fara yin insulin irin ta mutum a masana'anta, ramukan nan suka yi ƙaranci ƙwarai. To Baba, in ɗan ragowar da ke cikin kwalba ya bar maka rami na shekara 40, ina ga ƙwaya mai rai da aka ce ta zauna a hanta har abada.

Lawali: Amma Dakta ai an magance babbar matsalar. A jikin ƙwayoyin alade akwai wani nau'in sukari da ake kira Gal. Mu da birai na Afirka da Asiya ba mu da shi, kuma tun muna jarirai jikinmu ke ƙera makaman yaƙi da shi, antikor, saboda ƙwayoyin cuta na hanjinmu na ɗauke da irinsa. Kusan kashi 1 cikin 100 na antikor da ke yawo a jininmu na Gal ne. Shi ke sa ƙodar alade ta yi baƙi cikin mintoci in an haɗa ta da jinin mutum. Tun 2002 aka haifi aladun da aka cire musu Gal. Daga baya aka gano wasu sukarin guda 2 aka cire su ma. Yanzu har ƙwayoyin gadon mutum ake saka musu don jini ya daina daskarewa a kansu.

Majo Isufu: Tsaya Lawali. In naman rago ma na da Gal ɗin nan, yaya muke cin tsire lafiya?

Lawali: Yana da shi, har na saniya da na raƙumi. Amma abin da ya bi ta tumbi ya narke daban, abin da aka zuba cikin jijiya daban.

Dakta Mariyama: Ƙanena, cire Gal ya taimaki ƙoda da zuciya fiye da yadda ya taimaki tsibirai. Tsibiran babban alade dama Gal kaɗan ne a jikinsu, na jarirai ne ke da shi da yawa. Kuma kowanne da nasa ciwon kai: na babba saurin farfashewa gare su wajen tacewa, na jariri sun fi ƙwari amma sai sun yi makonni a jiki kafin su nuna su fara aiki. Duk da ƙarancin Gal ɗin, na babban ma jiki na kashe su. Me ke kashe su? Waɗanda suka tsira daga harin farko, bayan kwanaki sai wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira T su gano su. Waɗannan ba gaggawa suke ba. Sai an kawo musu gutsuren baƙon sun dube shi, sun hayayyafa, sannan su kira manyan ƙwayoyi masu haɗiye abu su kewaye tsibirin su cinye. Tsakanin mutum da mutum bambancin da T ke gani kaɗan ne. Tsakanin mutum da alade kuwa sinadarai ne barkatai, ka cire 3 ka bar ɗaruruwa.

An gwada a mutane, ba a birai kaɗai ba. Farfesa Carl Groth a Suwidin, daga 1990 zuwa 1993, ya zuba wa mutum 10 ƙwayoyin ƴan tayin alade. Dukkansu masu dashen ƙoda ne, wato suna kan maganin danne garkuwa. A mutum 4 an ga alamar ƙwayoyin na raye na wasu watanni, ta wani sinadari da ke fita a fitsari. Ko ɗaya bai rage allurarsa ba.

Lawali: A birai fa? A 2006 ƙungiyoyi biyu a Amurka, ta Minesota da ta Atlanta, sun nuna birai masu ciwon sukari sun yi sama da kwana 100 da tsibiran alade sukarinsu daidai. A Koriya ta Kudu wasu biran sun wuce shekara.

Dakta Mariyama: Gaskiya ne. Ka faɗa musu da wane magani. Wanda ya fi yin aiki a biran nan, mai toshe wata ƙofa a jikin ƙwayoyin T da ake kira CD154, da aka gwada irinsa na farko a mutane sai ya riƙa haddasa gudan jini a jijiya, aka dakatar. Ana ƙera sababbi da ake fatan ba su da wannan aibin, amma da sauran rina a kaba.

Kuma nan ne nake son Baban Rakiya ya saurara da kyau. Ko da an ce gobe abin ya yi, ɗiyarka za ta ajiye allura ta ɗauki maganin danne garkuwar jiki kullum har ƙarshen rayuwa. Irin su takrolimus suna gajiyar da ƙoda, sai an riƙa auna yawansu a jini, kuma suna buɗe ƙofa ga cututtuka. Ka duba inda muke zaune: zazzaɓin cizon sauro duk damina, tarin fuka, sanƙarau lokacin zafi, taifot. Ranar da maganin ya yanke a farmasi sati ɗaya, dashen ya tafi.

Alhaji Ɗan Ader: Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sai da kare an sayi biri.

Abdu Mai Shayi: Baba wannan karon an sai da kare an sayi alade an gwada a biri.

Hajiya Zainabu: Abdu ka ji tsoron Allah, mutum na cikin damuwa.

Baban Rakiya: Bar shi Hajiya, ya sa na yi dariya, rabona da ita kwana biyu. Dakta, mutumin ya ce mini nasu a cikin wani kwanso ake sa su, jiki ba ya ganinsu, ba a shan magani.

Dakta Mariyama: To ya karanta wani abu ya ɗora ƙarya a kai. Kwanson gaskiya ne. Ana naɗe kowane tsibiri cikin ɗigon wani abu mai yauƙi da ake samu daga ciyawar teku, alginat, mai ƴan ƙofofi ƙanana: sukari ya shiga, insulin ta fita, ƙwayoyin garkuwa kuwa su kasa kutsawa. A kogon cikin mutum ake zuba su, ba a hanta ba. Farfesa Robert Elliott na Niyuzilan ya daɗe a kan wannan. Wani da ya yi wa a 1996, bayan shekara 9 da rabi aka leƙa cikinsa aka tarar da wasu tsibiran na raye, amma mutumin bai taɓa barin allura ba. An yi gwaje-gwaje a Niyuzilan da Ajantina, wasu sukarinsu ya ɗan daidaita, faɗuwar sukari ta ragu, allura dai tana nan.

Abin da ke faruwa shi ne, jiki in ya kasa shiga gidan sai ya yi masa katanga. Yana saƙa tabo a kewayen kwanson, kamar yadda yake yi wa ƙayar da ta karye a tafin ƙafa. Tsibiri kuwa mayen iska ne, a mazauninsa jijiyoyi ne ke ratsa shi ta ko'ina. A cikin kwanso babu jijiya ko ɗaya, sai abin da ya tsatso daga waje. Tabo ya yi kauri, na tsakiya su shaƙe. Ga shi ƙananan sinadarai masu guba da ƙwayoyin garkuwa ke fesawa sun fi ƙofar ƙanƙanta ko sun yi daidai da insulin, suna wucewa abinsu.

Malam Sani: Assalamu alaikum. An yi ta kirana a waya in zo in ce wani abu. Haramcin naman alade nassi ne, ba mai jayayya. Amma ayar da ta haramta, ta 173 a Baƙara, ita ce kuma ta ce wanda ya matsu, ba mai zalunci ba kuma ba mai ƙetare iyaka ba, babu laifi a kansa. Daga irinta malamai suka fitar da cewa larura na halatta abin da aka hana, gwargwadon larurar. Abdu, a mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai tsarkakke ne, har kare da alade, saboda haka wankan mafarkin nan naka ba wajibi ba ne. Abin da aka yanko daga jikinsa kuwa hukuncinsa daban. Sharaɗin larura shi ne babu halal da zai maye gurbi, kuma likita amintacce ya ce abin zai yi amfani. Alhaji a 1983 ya cika duka biyun. A nan kuwa likitar da kanta ta ce bai yi ba tukuna, ga insulin kuma ana samu. Ni ban ga inda tambayar ta iso kaina ba ma. Ranar da ya zama magani sai a zauna.

Lawali: Malam, ko a yau ai muna amfani da alade a asibiti. Heparin, maganin hana jini daskarewa da ake sa wa masu wankin ƙoda, mafi yawansa daga hanjin alade ake tace shi. Kuma ɗaya daga cikin jagororin dashen zuciyar alade na farko a Amurka, Janairun 2022, musulmi ne ɗan asalin Pakistan, Dakta Muhammad Mohiuddin.

Malam Sani: Kasancewarsa musulmi ba hujja ba ce, ɗana. Na wankin ƙodar ne hujja, in babu madadinsa.

Majo Isufu: Mai zuciyar ma ai wata 2 ya yi ya rasu, kuma an tarar da wata cutar alade a cikin zuciyar. Ni wannan ya fi tsorata ni. Ka danne wa mutum garkuwa sannan ka zuba masa naman dabba.

Dakta Mariyama: Tsoron na kan hanya, Majo. Shi ya sa aladun gwaji a killace suke tun haihuwa, ba irin masu kiwo a bola ba. Akwai ma wata ƙwayar cuta da ke rubuce cikin gadon kowane alade, PERV, wadda a 1997 aka nuna tana iya kama ƙwayoyin mutum a ɗakin gwaji. Da aka binciki mutum 160 da aka taɓa yi wa magani da naman alade mai rai, a 1999, ba a same ta a kowa ba, kuma a 2017 an haifi aladun da aka kashe musu ita. Ni a ganina ma wata hanyar na iya riga alade isowa, ta ƙera tsibirai daga ƙwayoyin asali na mutum, wato masu iya rikiɗa su zama wasu nau'in ƙwayoyin jiki. A wani gwaji da aka bayyana a 2025, mutum 10 cikin 12 sun bar allura bayan shekara. Sai dai su ma da maganin danne garkuwa.

Lawali: Ni dai ina nan kan alade. Ƙwayoyin masana'anta tsadarsu ba ta talaka ba ce, alade kuwa haihuwa yake.

Dakta Mariyama: Aladen da aka canza wa gado wuri 10 aka rene shi a ɗaki mai tace iska, kana ga arha zai yi? Ka gama karatu tukuna mu yi wannan gardamar.

Baban Rakiya: Na sake kiran mutumin bayan isha'i. Na ce ya faɗa mini sunan asibitin da sunan likitan, kuma me ake yi da tabon da ke toshe kwanson. Ya ce wa ya gaya mini wannan, na ce likita. Ya ce likitocinmu baƙin ciki gare su, ya kashe. Yanzu hotonsa ma ya ɓace. Na gode muku duka. Majo wata tambaya: an ɗauke kuran tun la'asar a Bukoki, firigon maƙwabcina da muke ajiye maganin ya huce. Ta lalace?

Majo Isufu: Awoyi kaɗan ba su lalata ta. Wadda aka buɗe tana yin sati 4 ba firigo in ba ta sha rana ba, an gwada haka a wani sansanin ƴan gudun hijira a Kenya inda zafi ke kai 37. Namu na watan Afrilu ya wuce nan, shi ya sa sai da dabara. Ka samu tulu biyu, ƙarami cikin babba, ka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ka sa kwalbar cikin gwangwani mai murfi don kar ruwa ya taɓa bakinta, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa inda iska ke bi. Ka gaya wa maƙwabcin kar ya kuskura ya sa ta wajen ƙanƙara in kuran ya dawo, wadda ta daskare ta mutu. In insulin mai garau ɗin ta yi gurɓi, ko mai farin ta yi gudaji bayan ka murza ta, a zubar. Kuma tabon cinyar nan, ku riƙa canza wuri, ciki da damtse ma ana yi. Ka kawo ta ranar Asabar in nuna mata ta fara soka wa kanta, shekara 11 ta isa.

Hajiya Zainabu: Ina da tulun Bubon guda biyu da ban amfani da su, ɗaya ya ɗan tsage a baki amma ba ya yoyo. Ka aiko yaro da safe Yantala ya ɗauka.